Na Daina Yi Wa Matar Bennet Dariya

 

Makon jiya ina zazzage adakar da ke ƙarƙashin gadona, ina neman wasu tsofaffin zannuwa saboda hidimar bikin yarinyar wajena ta biyu da ke tafe, sai hannuna ya faɗa kan wani littafi da bangonsa ya rabu da shi, gara kuma ta ɗan taɓa gefensa. Pride and Prejudice ne, na marubuciyar nan ta Ingila, Jane Austen, wanda ya fara fitowa a 1813. Malamarmu ta Turanci ce ta ba ni shi kyauta a 1990, ina aji biyar a sakandaren 'yan mata can gida, kuma a cikin akwatin aurena ya biyo ni Ibadan a 1993. Na zauna a bakin gado da niyyar in duba shafi biyu in ci gaba da aikina. Wallahi ban tashi ba sai da na ji kiran la'asar.

Ga wanda bai taɓa karanta shi ba, labarin wani magidanci ne mai suna Bennet, da matarsa, da 'ya'yansu mata biyar, babu namiji ko ɗaya. Uwar ba ta da aiki dare da rana sai neman yadda za ta aurar da su ga masu hali. Da ta ji an yi baƙon saurayi a unguwa, tambayarta ta farko ita ce nawa yake samu a shekara. Ga surutu, ga rashin kamun kai a cikin mutane, ga ƙorafin ciwo kullum. Mijin kuwa mutum ne mai wayo da iya baƙar magana, ya shige ɗakin karatunsa ya rufe ƙofa, in ya fito ya yi mata shaguɓe ya koma. Lokacin da muke 'yan mata, shi muke so. Ita kuwa mun mai da ta abin dariya, har idan wata a ɗakin kwananmu ta cika zancen samari sai mu laƙaba mata sunan matar Bennet.

A wannan karatun na makon jiya ban yi dariya ba ko sau ɗaya. Abin da na yi shi ne na ɗauko biro na bi lissafin da ke cikin littafin, lissafin da a da nake tsallakewa don in yi sauri in kai wajen soyayyar Elizabeth da Darcy.

Ga yadda abin yake. Gida da gonakin Bennet suna kawo masa fam 2,000 a shekara, wanda a wancan zamani rufin asiri ne mai kyau, da masu aiki da keken doki. To amma akwai sharaɗin da aka ɗora wa dukiyar tun kafin ta zo hannunsa, cewa namiji kaɗai ke gadonta. Tun da bai haifi namiji ba, ranar da ya rufe ido komai zai koma hannun wani ɗan uwansa na nesa, limamin coci mai suna Collins, wanda yake da ikon ya ce wa uwa da 'ya'ya su tattara nasu ya nasu. Abin da aka keɓe wa matar da 'ya'yanta tun a yarjejeniyar aure fam 5,000 ne kacal. In aka raba biyar bayan ran uwar, kowace yarinya ta tashi da fam 1,000, wanda in an ba da shi rance a kan kashi 4 cikin 100 zai riƙa kawo mata fam 40 a shekara. Don mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan kuɗi, a littafin Jane Eyre na Charlotte Brontë, wanda ya fito a 1847, albashin yarinyar da aka ɗauka koyar da 'yar riƙon mai gida fam 30 ne a shekara, ita kuwa ana ba ta ci da wurin kwana. 'Ya'yan Bennet ba a koya musu wata sana'a ba, kuma a ajinsu mace ba ta fita neman kuɗi ba tare da ta zubar da darajar gidansu ba. Saboda haka tsakaninsu da talauci babu komai sai numfashin ubansu.

Uban ya san da haka sarai. Can wajen ƙarshen littafin marubuciyar ta gaya mana cewa bai taɓa ajiye ko sisi ba, saboda ya sakankance za a haifi namiji, kafin ya farga kuma lokaci ya ƙure. Wato mutumin da muke yaba wa wayo shi ne ya yi sakaci, matar da muke kira sakarya kuwa ita kaɗai ce a gidan take kwana da lissafin gobe a ranta. Ba na musun cewa hanyoyinta na ban kunya ne, kuma ita ta sangarta autarta Lydia har ta gudu da wani soja mayaudari. Amma tsoron da ke cin ta tsoro ne na gaskiya, kuma ni yanzu na san ɗanɗanonsa.

Akwai wata a littafin da ita ma muka tsana a da, wato Charlotte Lucas, aminiyar Elizabeth. Bayan Elizabeth ta ƙi auren Collins saboda wautarsa da fadancinsa, cikin kwana uku Charlotte ta karɓe shi hannu biyu. Shekarunta 27, ba ta da kyan a zo a gani, ba ta da dukiya, ƙannenta maza har murna suka yi don an sauke musu nauyin riƙe ta. Ta faɗa wa ƙawarta gaskiya cewa ita ɗakin kanta take nema. Da Elizabeth ta kai mata ziyara sai ta tarar ta tsara zamanta da dabara: ta zaɓi ɗakin baya ya zama wurin zamanta don mijin ya fi son na gaba mai kallon hanya, tana kuma ƙarfafa masa gwiwa ya riƙa yini a lambu wai don lafiyarsa. A da na ɗauka wannan faɗuwa ce. Yanzu in na duba matan da na sani a Sabo da Ojoo, waɗanda suke zaune da maza irin Collins shekara ashirin suna kiwon kajinsu suna tarbiyyar 'ya'yansu, ba na iya ɗaga mata murya.

Sai dai kada mai karatu ya zaci marar dukiya ce kaɗai ke cikin haɗari a waɗannan littattafai. Mai dukiyar ma ba ta tsira ba, domin dokar Ingila ta wancan lokaci ta ɗauki miji da mata a matsayin mutum ɗaya, mutumin kuwa shi ne mijin. Da zarar an ɗaura aure, tsabar kuɗinta da kayanta da duk abin da za ta samu da guminta sun zama nasa. In tana da gona ko gida, shi ke juya su ya ci amfaninsu. Ba ta iya ƙulla yarjejeniya ko shigar da ƙara da sunanta. Masu hali kan kauce wa wannan ta hanyar sa lauyoyi su rubuta yarjejeniya kafin aure, a danƙa dukiyar yarinya a hannun amintattu, amma wannan sai wadda take da uba ko wa mai sa ido. Shi ya sa a littafin Austen, sojan nan Wickham ya fara farautar ƙanwar Darcy, yarinya 'yar shekara 15 mai gadon fam 30,000, yana lallashinta su gudu a ɗaura a ɓoye. Da ya yi nasara, kuɗin sun zama nasa. A Jane Eyre kuma, matar Rochester ta fari, Bertha, da fam 30,000 aka kawo ta daga Jamaika. Kuɗin suka shige aljihun miji, ita kuma da taɓin hankali ya same ta aka kulle ta a ɗakin sama shekara da shekaru. Sau nawa na karanta wannan littafi ina tausayin Rochester, ban taɓa tambayar kaina kuɗin wa yake ci ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne The Tenant of Wildfell Hall na ƙanwar Charlotte, wato Anne Brontë, na 1848. Helen ta auri Arthur Huntingdon don so, duk da gargaɗin innarta, da tunanin za ta gyara shi. Ya zama mashayi mai neman mata, har ya fara koya wa ɗansu ƙarami shan giya da ashar. Ta shiga zane-zane a ɓoye don ta tara kuɗin gudu. Da ya gano, sai ya karɓe makullanta, ya kwashe kuɗinta da sarƙoƙinta, ya sa aka ƙona kayan zanen. Abin lura a nan shi ne, a idon doka bai yi sata ba, kayansa ya ɗauka. Ita ce da ta gudu da yaron ta koma wani kango tana zaune da sunan ƙarya a matsayin wadda mijinta ya mutu, ita ce mai laifi.

Kada a ce ƙagaggen labari ne kawai. A 1836 wata marubuciya mai suna Caroline Norton ta rabu da mijinta, ya ƙwace 'ya'yansu maza uku ya hana ta ganinsu, kuma doka ta ba shi iko a kan kuɗin da take samu da alƙalaminta. Rubuce-rubucenta da faɗi-tashinta suka taimaka aka yi dokar 1839 da ta ba uwa damar neman riƙon 'ya'yanta 'yan ƙasa da shekara 7. Kafin 1857, raba aure a Ingila sai majalisar dokoki ta yi doka ta musamman a kan mutum, abin da sai manyan masu kuɗi ke iyawa. A 1870 aka yarda albashin matar aure nata ne, sai a 1882 aka ba ta cikakken ikon mallakar dukiyarta. Jane Austen ta rasu a 1817, ke nan shekara 65 kafin wannan doka.

Ita kanta Austen ta san abin da take rubutawa a jikinta. A Disambar 1802 wani saurayi magajin babban gida, Harris Bigg-Wither, ya nemi aurenta tana dab da cika shekara 27, ta amsa da daddare, gari na wayewa ta janye. Ba ta taɓa aure ba har ta mutu. Da mahaifinta ya rasu a 1805, ita da uwarta da yayarta Cassandra suka koma dogaro da abin da 'yan uwanta maza suka tsakura musu, suna yawon gidaje, sai a 1809 wanta Edward ya ba su wani ɗan gida a ƙauyen Chawton. Littafin nan da duniya ke karantawa har yau, fam 110 ta sayar da haƙƙinsa. Ta ba Elizabeth ƙarfin zuciyar ƙin Collins, sannan ta saka mata da Darcy mai fam 10,000 a shekara. Ita da ta yi irin wannan ƙin a zahiri babu Darcyn da ya zo mata. Wannan ya kamata duk yarinyar da ke karanta littafin ta riƙe.

To, me ya haɗa ni da duk wannan, ni da nake zaune a Ibadan ina koyar da 'yan firamare?

A 2003 maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya samu fili a wajen Ojoo. Kuɗinsa ba su kai ba, domin a shekarar an yi masa asarar mota guda ta albasa a hanya. Na sayar da sarƙar gwal ɗin da ke cikin lefena, na haɗa da kasona na gonar mahaifina da aka raba, na ba shi, wanda ya kai kusan rabin kuɗin filin. Ranar da za a rubuta takarda, ba zan yi masa ƙarya ba yana kabari, sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, a sa har da sunanki?" Na ce, "Haba Alhaji, ni da kai har akwai wannan?" Kunya ta hana ni, da gudun kada a ce matar wane ta cika son abin duniya. Ya yi murmushi ya fita. Muka gina ɗaki huɗu a hankali, muka tare.

A 2014 ciwon kwana tara ya ɗauke shi, ya bar ni da 'ya'ya mata huɗu, babu namiji. Bayan na fita takaba 'yan uwansa uku suka zo daga gida, aka kira malami aka zauna rabon gado. A nan dole in gode wa Allah, domin abin da aka hana 'ya'yan Bennet nawa ba a hana su ba. Aka kasa dukiyar kashi 24, aka ba ni tumunina kashi 3, yaran suka ɗauki 16, ragowar 5 na baffanninsu. Babu zalunci a cikin wannan. Amma da na buɗe baki na ce rabin kuɗin filin nawa ne, a fitar mini da shi kafin a raba, sai malam ya tambaye ni cikin ladabi ko ina da takarda ko shaidu. Shaidata ɗaya ne, shi ne kuma muka binne. Haka aka raba sarƙata da gonar ubana a gaban idona, aka ba ni ɗaya bisa takwas.

Su baffannin ba su da abin yi da gida a ƙasar Yarbawa, kuɗi suke so, wanda ke nufin a sayar. Babbansu ya ce, "Ki tattara yaran nan ku dawo gida, zaman me kuke yi a nan?" Na rasa wane gidan yake nufi. Iyayena sun rasu, gidanmu an raba, shekarata 21 a Ibadan, yarana a nan aka haife su, a nan makarantunsu suke, Yarbanci a bakinsu kamar Hausa. Wannan shi ne abin da mu matan da aka kawo kudu muka sani, wanda 'yan uwanmu na gida ba su cika ganewa ba. Wadda ke aure a garinsu, in ta ɓaci ta ɗauki mayafi ta taka zuwa gidan ubanta. Mu kuwa tsakaninmu da dangi tafiyar yini guda ce da kuɗin mota, in ka je ɗin ma baƙo ne kai.

A cikin waɗannan watanni na riƙa tuna farkon wani littafin Austen, Sense and Sensibility na 1811. A can wani ɗa ya yi wa ubansa alkawari a bakin mutuwa cewa zai kula da matar uban da ƙannensa mata uku. Ya ƙudura zai ba kowace fam 1,000. Matarsa ta zauna da shi hira ɗaya, ta rage su zuwa 500, daga nan aka koma zancen ɗan abin shekara ga uwar, daga nan kyautar lokaci-lokaci, daga nan aiken kifi da naman farauta, aka tashi babu ko anini, yana kuma jin ya cika alkawari. Duk wanda ya taɓa zama a wajen rabon gado ya san irin wannan hira. Alhamdu lillahi tawa ba ta ƙare haka ba. Ƙaramin cikinsu, Allah Ya saka masa da alheri, ya ce ya yafe wa marayu kasonsa, sauran biyun suka ba ni lokaci. Da albashi, da adashi, da zoɓo da kunun aya da yaran ke ƙullawa bayan makaranta, na gama biyansu a 2017. A cikin gidan nake wannan rubutu.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne wannan. Haƙƙin da matan Ingila suka yi ta fafutuka a kansa har 1882, ni da shi aka haife ni. Sadakina nawa ne, gadona nawa ne, aure bai taɓa mai da dukiyata ta miji ba. Helen ƙwace mata aka yi da ƙarfin doka. Ni ba wanda ya ƙwace mini, da bakina na ce a bar sunana, a ranar da mutumin kirki ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayata. Kuma na san ba ni kaɗai ba ce. Mata nawa ne a unguwanninmu suka zuba adashinsu a jarin miji, ko a motar haya, ko a ginin da ko rasit ɗin bulo ɗaya ba su riƙe ba?

Yarinyar da za a aurar shekarunta 27, daidai da Charlotte Lucas, kuma na sha maganganu a kan haka a gidajen biki da suna. Bambancinta da Charlotte shi ne tana da aikin jinya da albashinta, don haka ba ta karɓi na farkon da ya zo ba, ni ma ban matsa mata ba, ko da yake Allah Ya sani akwai daren da matar Bennet ta tashi a cikina na kwana ina juyi. Yaron da ta kawo ɗan mutunci ne, a nan aka haife shi, mun san iyayensa. Kwanaki ta zo tana ba ni labari da murna cewa sun yi shawara za ta ba shi abin da ta tara ya cika su sayi mota ta haya. Na ce madalla, Allah Ya sa albarka, amma a rubuta, a sa sunanta a takardar, a kira wani nasa da wani nata su sa hannu. Sai ta ɓata fuska ta ce, "Umma, tun ba a shiga ba za a fara da rashin yarda?" Na ce mata ni na yarda da ubanta fiye da yadda ta yarda da wannan yaro, kuma bai ci amanata ba ko da rana ɗaya, mutuwa ce ta zo ba ta yi shawara da kowa ba. Na ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin. Ta yi shiru. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce ta gaya masa, ya ce ai shi ma ya fi son haka, don kada gobe 'yan uwansa su ce motar tasa ce shi kaɗai. A nan hankalina ya ƙara kwanciya da shi.

Don haka ina kira ga 'yan uwana mata, musamman mu da ke nesa da dangi, a so miji, a taimake shi, a rufa masa asiri, amma abin da kika zuba a rubuta. Ku kuma iyayenmu maza, in matarka ta ce a bar sunanta saboda kunya, kada ka biye mata, ka sa. Kuma kada ka zama Bennet, kana dariya a ɗakin karatu alhali ba ka ajiye wa 'ya'yanka komai ba.

Littafin na kai wa mai ɗinkin littattafai ya yi masa sabon bango. Zan sa mata shi a cikin akwati, tare da jakar roba ta ajiye takardu. Na san yanzu wajen Darcy za ta yi sauri ta kai, kamar yadda na yi, ba komai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba 'ya'yanmu abokan zama na gari, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. A sa mu a addu'a Allah Ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya. Wassalam.